Zuwa ga Abba, Bayan Likitocin Soja Sun Ƙi Kunnensa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Diffa, ranar Talata bayan azahar.

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin mota tsakanin Maine da Gure, ko ka riga ka sauka Damagaram. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba da duk wanda ke cikin motar, ya raba ku da mugun ji da mugun gani, ya sauke ku lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna cikin jakarka, alhali gida ɗaya muke kwana, sahu ɗaya muke sallah. Yau kwana ashirin ke nan da dawowarka daga Yamai, kuma maganarmu ba ta wuce "Ina kwana, Baba" da "Lafiya lau" ba. Sau uku ina kiranka zaure da niyyar in yi maka magana, sau ukun nan ina ƙarewa da tambayarka ko an ba awaki ruwa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsaye gaban allo, bakina bai taɓa mutuwa ba sai a gabanka. Na fara rubuta maka da Faransanci, na karanta na ga ta fito kamar rahoton da ake kai wa sufeton lakwal, mai duba makarantu, na yage. Ga ta nan da Hausa. Innarka za ta sa maka ita ƙarƙashin ƙullin yajin da ta daka maka.

Bari in faɗi abin da ya faru yadda yake, tun da a gidan nan kowa kewaye shi yake yi. Ka yi shekara biyu a jami'a kana karatun ruwa da ƙasa. Ka ci jarrabawar konkur, ka shiga makarantar hafsoshi, ka yi wata huɗu. Ranar babbar bizit, wato gwajin lafiya, likitoci suka sa maka na'ura a kunne, suka ga na hagu ba ya ji sai kaɗan. Ka rubuta takardar neman sassauci, ka jira, amsa ta zo cewa ba a yarda ba. Ka dawo da jakar da ka tafi da ita. Yanzu ka ce mana za ka koma Damagaram ka ci gaba da karatu. Amma ƙanwarka Falmata ta ji ka a waya da Kyari, ɗan kawunka na tsallaken kogi, kuna zancen takardar da za ta mai da kai haifaffen can, don ka shiga soja ta wajen Najeriya. Kada ka yi fushi da ita. Kwana biyu ta riƙe maganar, da kuka ta zo ta gaya mini.

Ba zan yi maka faɗa ba. Ba ni da bakin yi. Zan gaya maka abubuwan da na yi ba daidai ba, wasu ka san su, wasu ba ka sani ba. In ka gama karantawa sai ka yanke abin da ka ga ya dace.

Na fara da kunnen. Kai a saninka ruwan Komadugu ne ya ɓata maka shi. Ruwan ya yi nasa, amma mafi yawan laifin nawa ne.

Kana shekara tara, muna Baruwa. Lokacin cikar kogi ne, kullum kuna cikin ruwa kai da sauran yara. Wata safiya ka tashi da kuka, tabarmarka duk mugunya. Innarka ta same ni ina ɗaure takardu a bayan babur, ta ce, "Malam, kunnen yaron nan zuba yake yi. A kai shi Bosso wajen likita."

Na ce, "Sufeto na zuwa jibi, ba ni da lokaci. Ki ɗumama man gyaɗa ki ɗiga masa, ki toshe da auduga. In ya zo ya tafi sai mu je."

Sufeto ya zo ya tafi. Sai ɗibar tattasai ta kama, ni kuwa ina da 'yar gonata a bakin kogi, ina tashi daga aji sai can. Innarka ta sake magana, ta kuma sakewa. A karo na uku na daka mata tsawa, na ce wane yaro ne a garin nan kunnensa bai taɓa zuba ba. Lokacin ba a hana hawan babura ba, hanya lafiya lau, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ban kai ka ba. Da ka daina kuka sai na ce wa kaina ka warke.

Shekarar da ta biyo ka shigo ajina. Bencinka na jikin bango, kunnen dama wajen bangon, na hagu wajena. Wata rana na kira ka sau uku ka fito allo, kana ta rubutu ba ka ɗago ba. Yara suka fara dariya. Na fizgo ka, na zane ka a gabansu, ina cewa ɗan mushe, wato ɗan malamin lakwal, ya fi kowa taurin kai. Kana kare kanka da hannu kana cewa, "Baba, wallahi ban ji ba." Na ce, "Ƙarya kake. Kuma a nan babu Baba, Mushe ne."

Bayan 'yan kwanaki na lura da yadda kake karkata kai in ana magana. Na gane. Na canja maka benci, na mai da kai ɗaya gefen, ban ce da kowa komai ba. Ban ba ka haƙuri ba, kuma ko a lokacin ban kai ka likita ba, don kai ka ɗin yana nufin in amsa a gaban innarka cewa ita ke da gaskiya. Ka ga irin ƙanƙantar abin da na sayar da kunnenka a kansa.

Saboda haka abu na farko da nake roƙonka, kada ka yi wa jikinka abin da na yi masa. Cikin makon da ka sauka, tun kafin ka je neman ɗaki ko rajista, ka nemi likitan kunne a babban gidan likita. Ka tafi da takardar nan mai zane-zane da likitocin soja suka ba ka, na ga ka cusa ta cikin littafi kamar abin kunya. Ka gaya masa komai tun daga man gyaɗa. Ka tambaye shi ko dodon kunnen yana gyaruwa, ko har yanzu akwai ciwo a ciki, da yadda za ka kiyaye na dama. In ya ce ka dawo ranar kaza, ka koma ranar, ko da jarrabawa gare ka. Da kaki da babu kaki, da wannan kunnen na dama za ka ji kukan 'ya'yanka wata rana, in Allah ya yarda.

Na biyu ya fi wannan nauyi a wajena.

Ka tuna ranar da mutanen daji suka tashe mu daga Baruwa. Kana shekara goma sha huɗu. Da hantsi ne, mun fito da abin da hannu ya iya ɗauka, harbi na tashi ta gabas, wajen lambuna. Kowa ya yi yamma, har awaki. Kai kaɗai ka tsaya tsakiyar hanya kana juyi, sa'an nan ka kwasa da gudu ka nufi gabas. Innarka ce ta yar da ƙullin kayanta ta bi ka, ta cafko wuyan rigarka. Daga baya mutane suka riƙa cewa yaron nan jarumi ne, wajen wuta ya nufa. Na bar su suna faɗa. Amma ni ina kallon fuskarka a lokacin. Gudu kake yi kamar kowa, ba ka dai san ta ina ƙarar ke fitowa ba. Mai kunne ɗaya yana jin ƙara, amma sanin inda ta fito yana yi masa wuya. Tun ranar na san wannan, na haɗiye.

Kwana uku bayan haka muna zaune bakin kwalta ƙarƙashin rumfar leda, labari ya zo cewa an kashe Mushe Ari, daraktan lakwal ɗinmu, mutumin da muka yi shekara goma sha biyu muna shan shayi tare. Ya koma ɗauko rajistar yara ne suka same shi. Zuciyata ta yi baƙi. Ni ga ni nan, alli kawai na iya riƙewa. Sai na kama hannunka na ɗaga a gaban dattawa na ce, "Ku shaida, wannan da kaki zai koma Baruwa." Suka ce Allah ya sa. Tun daga ranar sunanka ya koma Laftanar, a sansani, a Diffa da muka samu ɗaki, har a bakin mai kanti.

Ban taɓa tambayarka ko kana so ba. Fushina ne da tsorona na ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi ta ɗauka har ya girma da su. Na ga yadda kake tashi gudu kowace safiya, na ga yadda ka daina zancen famfo da injin ban ruwa da kake kwancewa kana ɗaurawa tun kana ƙarami. Ina jin daɗi, ina cewa ɗana ya zama namiji.

Mai yiwuwa son sojan nan ya zama naka na gaskiya. Ban ce ba haka ba ne, kuma in haka ne ciwon da kake ji yanzu ya fi wanda nake zato. Amma ina so ka zauna kai kaɗai, inda babu ni babu dattawan Baruwa, ka tambayi kanka: abin da ke hana ka cin abinci kwanakin nan, rashin aikin ne ko kunyar mutane? In kunyar ce, to, ka sauke ta, tawa ce. Alkawarin da aka yi a bakin kwalta ni na yi shi, ba ka buɗe baki ba a wurin. Na warware shi. Babu wanda kake bi ko yake bin ka bashin kaki.

Na uku ka san shi, don kana wurin. Ranar da muke cika dosiyenka na neman shiga soja a zaure, ka zo kan layin da aka tambaya ko ka taɓa ciwon kunne. Ka tsai da biro, ka dube ni. Na ce, "Rubuta a'a."

Ka ce, "Baba, in suka gano fa?"

Na ce, "Wa zai gano? Kana ji ko ba ka ji?"

Ka rubuta. Ni da na yi shekaru ina korar yara daga aji saboda satar amsa, ni na sa ka yi ƙarya a takardar gwamnati. Innarka ta gaya mini abin da babban likitan soja ya ce maka, cewa da ka faɗa tun farko da ba a ɓata maka wata huɗu ba, kuma da ya fi jin ƙarfin tsaya maka. Kai ka sha wannan maganar a tsaye gaban mutane, ni ina nan ina shan iska a ƙofar gida.

Kuma ban tsaya nan ba. Wannan ba ka sani ba. Kwana biyu da dawowarka wani mutum ya same ni a kasuwar tattasai, ya ja ni gefe, ya ce ya san wanda ya san wani, ana iya sake maka takardar likita mai hatimi wadda za ta ce kunnuwanka biyu garau. Ban kore shi ba. Na karɓi lambarsa. Washegari na tafi wajen Ajidan Mele, tsohon sojan nan maƙwabcinmu mai ɗingishi, don in ji ta wace ƙofa ake shigar da irin wannan takarda. Na same shi yana yanka wa tumakinsa ciyawa. Ya saurare ni har na gama, bai daina yankan ba. Sa'an nan ya ajiye lauje.

Ya ce, "Mushe, ka taɓa shiga motar da aka yi wa kwanton ɓauna?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "Ni na shiga, ga shaida a ƙafata. In aka buɗe wuta ba ka ganin kowa. Ƙura ce da kara da ƙara. Abu ɗaya kake jira, muryar laftanar. In ya ce ku faɗa dama, dama za mu faɗa, ba mai tambaya. To, kana so ɗanka ya ce dama alhali wutar daga dama take?"



Ya ci gaba, "Mutum talatin ake ba laftanar. Kowanne da uwarsa tana jiran waya, kamar yadda matarka take jira. Ni ina son yaron nan, a gabana ya girma, ya fi da yawa daga cikin waɗanda na yi wa saluti hankali. Amma wallahi in ka kawo takardar nan, ni da ƙafata guda zan je in tona."

Na taso ina tuna ka tsaye tsakiyar hanyar Baruwa kana juyi. Kafin in kai gida na goge lambar mutumin.

Abba, likitocin nan ba su zalunce ka ba. Na fi kowa son in ce sun yi, don da na samu wanda zan ɗora wa. Sun ga abin da na gani ne shekaru da suka wuce, su kuma suka faɗa.

Don haka maganar Kyari, ina roƙonka don Allah ka bar ta. Kyari yaron kirki ne, so yake ya taimake ka, amma bai san abin da yake jawo maka ba. Kunnen nan tare za ku tsallaka kogi. In can ma sun gano, ka sake shan abin da ka sha, a ƙasar da ba ka da kowa sai kawu. In ba su gano ba, ya fi muni, ka ji abin da Ajidan ya ce. Sa'an nan ka duba zamanin da muke ciki. Saurayi mai jini a jika, wanda ya san rawar soja, a kama shi a shingen bincike da takardun ƙasa biyu da suna biyu, wa zai tsaya ya ji labarin kunne? Ka san samarin da aka ɗauka a kan abin da bai kai wannan ba, har yau iyayensu na yawo da hotunansu. Innarka ta riga ta bar gidanta da gonarta da kabarin mahaifinta. Kada ka ƙara mata da wannan.

In har zuciyarka ba ta saki kaki ba, akwai ƙofa guda ta gaskiya, ita ce kawai zan sa maka albarka a kanta. In likitan kunne ya ce akwai gyara, a yi gyaran. In an gama ya sake auna ka, ya ba ka sakamako na gaskiya. Sa'an nan ka rubuta wa makarantar, ka tambaye su a fili ko suna sake duba wanda aka yi wa magani, kuma har zuwa shekara nawa suke karɓa. Ni ban san amsar ba, kada kuma ka yarda da ta samarin fadar shayi, ka nemi tasu a rubuce. Ka gaya musu cewa "a'a" ɗin da ke cikin dosiyenka na farko ba gaskiya ba ce. Za ka ga wata 'yar takarda da Faransanci a bayan wannan, na rubuta cewa ni na umarce ka, na sa hannu. Ban san ko za ta yi amfani ba, amma ka haɗa da ita. Ka gwada sau ɗaya, da dukan ƙarfinka. In suka sake cewa a'a, ka ce alhamdu lillahi, ka rufe wannan babi, kada ka yi ta zarya Yamai har ƙuruciyarka ta ƙare a bakin ofisoshi.

Na san abin da nake faɗa, don ni na yi zaman da nake jiye maka. Ban taɓa ba ku labarin nan ba. Ni ba aikin mushe na so ba. Aikin likita na so, irin masu allura da ɗaurin miki, farar riga har gwiwa. Na yi konkur a Damagaram na faɗi. Na sake na faɗi. Mahaifina, wanda kake ɗauke da sunansa, shi ya sa ba na iya kiranka sai da Abba, ya ce mini ana ɗaukar masu koyon aikin koyarwa, in je in gwada. Na ce masa ni ban yi karatu don in ƙare da wanke wa 'ya'yan ƙauye majina ba. Shekara biyu na yi a gindin wata bishiyar bedi a unguwarmu, ina shayi ina zagin waɗanda suka ci, ina cewa duk 'ya'yan manya ne. Tsohuwata na dama fura tana sayarwa, ni ƙato ina dawowa in tarar an rufe mini tuwo. Cikin wannan zama mahaifina ya kwanta ciwo. Ana jibi zai rasu na shiga gaishe shi, ya dube ni ya ce, "Isufu, yau ma can za ka?" Bai ƙara komai ba. Bai ga ranar da na karɓi aikin fari ba.

Da na shiga koyarwa kuma, da fushi na shiga. Shekarun farko kowane yaro gani nake kamar shi ya hana ni farar riga. Bulalar da ka sha ranar nan, tsohon fushin ne bai gama fita ba. Sai can daga baya, da na fara gamuwa da yaran da na koya wa baƙi sun zama mutane, wani ya tsai da mota ya sauko ya durƙusa, sa'an nan na gane aikin nan alheri ne Allah ya ba ni ina ta tura shi da ƙafa. Na yi asarar shekaru wajen jin haushin hanyar da nake kai.

Shi ya sa nake ce maka, in ka koma jami'a ka koma gaba ɗaya. Kada ka zauna a aji kamar wanda aka kora daga wani wuri. Shekara ɗaya ta rage maka ka karɓi digirinka na lisans. Ka je wajen malamanka da kanka ka gaya musu ka dawo, ka nemi abin da ya wuce ka. Za ka gamu da masu tambaya, "A'a, Laftanar, ina kakin?" Ka ce, "Kunnena ne bai ci bizit ba," ka wuce. In ka faɗa sau goma za ka ga ta daina yi maka ɗaci. Ka nisanci fadar da ba a komai sai shayi da zagin gwamnati, na san daɗinta, na san kuma abin da take ci. Ka nisanci ƙwayoyin nan da samari ke sha don su manta. In abin ya taso maka, ka yi alwala, ko ka fita ka yi gudunka na safe, wannan ba sai da kaki ba.

Bara da aka kira mu tsofaffin malamai mu taimaka da rajistar yara a sansanin Sayam, na tarar injin rijiyar wani ɓangare ya mutu kwana uku. Jarkoki jere har ido ya gaji, mata zaune a rana, 'yan gudun hijira da ba su da wani wurin zuwa. Aka kawo wata mata ma'aikaciyar ruwa daga Diffa, ta yi wuni tana fama, hannunta duk baƙin mai. Wajen la'asar ruwa ya zubo. Wata tsohuwa daga tsallake ta kama hannun nan mai baƙin mai ta manna a goshinta, tana ta addu'a da Barbarci har muryarta ta dushe. Na tsaya ina kallo, kai ka faɗo mini a rai, amma na kori tunanin, don lokacin kaki kawai nake gani. Yau ko gobe mutane za su koma bakin Komadugu gaba ɗaya, su tarar da magudanai sun cike, injuna sun ruɓe, gonakin tattasai sun koma daji. Za a nemi wanda ya san ruwa da ƙasa, wanda kuma zai iya zama da manomi ya yi masa bayani da Barbarci ko Hausa, ya juya ya rubuta wa ofis da Faransanci. Ko sojan ma suna da ma'aikata farar hula. Akwai koyarwa, akwai aikin gona na zamani. Amma na tsaya nan, kada in sake zaɓa maka. Sau ɗaya na yi, ka ga inda ya kai mu. Duk wadda ka ɗauka, in dai halal ce kuma da sunanka na gaskiya, ina bayanka.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, na tsaya a inda mutanen Baruwa ke taruwa. Na ce ina da magana. Na gaya musu likitoci sun ƙi ka saboda kunne, kuma ni na bar kunnen ya lalace, ni na sa ka ɓoye. Na ce daga yau a kira ka da sunanka. Can sai ƙanen marigayi Mushe Ari ya ce, "Mushe, mu da muka binne namu, wa ya gaya maka soja muke nema a wajenka? Ka bar yaro ya rayu." Aka shafa fatiha aka watse. Abin da na yi shekaru ina tsoro, bai ɗauki minti biyar ba. Don haka in ka zo hutu ka shigo da rana, ka bi ta babbar hanya, ka gai da kowa.

Saura abu ɗaya. A al'adarmu uba ba ya neman gafarar ɗansa, sai dai ya saya masa riga ya yi shiru. Na yi irin wannan shirun ya ishe ni. Abba, ka yafe mini kunnenka. Ka yafe mini bulalar. Ka yafe mini kayan da na ɗora maka da ƙaryar da na sa ka. Ban ce sai yau ba, ban ce sai bana ba. In ka ji haushina kana da hakki, kuma ba zai rage komai daga albarkar da nake sa maka ba.

In kun isa Gure, ko in ka riga ka sauka, ka kira innarka, ka san ba za ta sa komai a bakinta ba sai ta ji muryarka. Wayarta ta lalace, tawa za ka kira. In na ɗauka ba sai ka ce mini komai ba. Ka yi sallama kawai, zan amsa, in miƙa mata.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya, ya buɗa maka ƙofar da ta fi alheri ko da ba ita muka ƙwanƙwasa ba. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin zuciya. Allah ya tsare abokanka da suka ci gaba da horo, ya mai da kowannensu ga uwarsa da rai. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya kawo mana zaman lafiya a Diffa da bakin kogi da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Innarka da Falmata suna gaishe ka. Ajidan Mele ya ce in gaya maka ƙofarsa a buɗe take.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Isufu